Igiyar da Ta Juya wa Rana Baya

Ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar Asabar aka kira ofishin 'yan sanda daga Lyngvik. Wani jirgi mai inji ya bi ta kan kwalekwale cikin hazo, ya gudu. Matar da ke ciki ba ta san inda take ba.

Gunvor Aase ce. Shekararta sittin da tara, malamar makaranta da ta yi ritaya. Rabin mutanen garin nan ita ta koya musu karatu. Kullum da sassafe takan tuƙa koren kwalekwalenta ta je duba tarkon ƙaguwa a bakin mashigar teku.

Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta kafin takwas. 'Yan sanda kuwa sai tara da rabi suka iso, don ta ruwa suke zuwa daga babban gari.

Sufeto Torill Brekke ce ta fara sauka a gadar katako da ake ɗaure jirage. Doguwar mace, marar fara'a, 'yar masunci daga arewa. A bayanta Saje Arnfinn Lien, mutumin tudu mai tumbi, wanda ya yi amai sau biyu a hanya.

Eilif Haugland na jiran su. Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu jiragen shaƙatawa. Shekara talatin da takwas ya yi yana tuƙa jirgin fito, bai taɓa gogar ko turke ba. Har yau Kyaftin muke ce masa. Kofin kofi yana hannunsa na hagu. Na daman yatsu uku ne suka rage, injin jan igiya ya cinye biyu tun yana saurayi.

"Kai ka tsamo ta?" in ji Sufeto.

"Ni ne."

"Me ka gani?"

"Hazo."

"Ban da hazo."

"Na fita kamun kifi. Na ji inji a guje, na ji katako ya karye. Da na isa Gunvor na ruwa, rigar ceto ce ta riƙe ta. Wani farin abu ya shige cikin hazo."

"Ina jirginka?"

"A rumfar da nake ajiye shi, can bayan coci. Jini ya ɓata shi, na kai na wanke. Ko shi ma sai na nemi izini, 'yar nan?"

"Brekke sunana."

"Na ji."

Ta rubuta, ta wuce.

Jirage arba'in da ɗaya ne a ɗaure a gadar. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana durƙusawa tana leƙa goshin kowane. Mu tsofaffi muna biye da ita daga nesa, hannuwa cikin aljihu.

A na ashirin da shida ta tsaya. Farin jirgin roba ne, sabo. A goshinsa akwai doguwar gogar koren fenti. Ta shiga ta ɗora tafin hannu a kan murfin inji.

"Da ɗumi," ta ce. "Arnfinn, ɗauki hoto. Na wane ne wannan?"

"Na likitan haƙori," wani ya amsa. "Sindre Moen. Mutumin birni ne, ƙarshen mako yake zuwa."

"Makulli fa?"

"Ƙarƙashin kujera. Kowa nan yake ajiye nasa."

Ta fito, ta tsaya tana kallon ƙasa. An ɗaure igiyar jirgin a turken ƙarfe, ɗauri ɗaya tsaf, ba ƙari ba ragi. Sauran igiyar an naɗe ta a kan katako, zagaye cikin zagaye, kamar faifai.

"Wannan ma ɗauke shi hoto."

"Igiya?"

"Igiya."

Ta ɗago ta dube mu. Dukanmu mun ga igiyar nan tun kafin ta iso. Kowa ya kau da kai.

Sun tarar da Sindre Moen a ɗan gidan hutunsa da gajeren wando, yana neman maganin ciwon kai. Mutum ne ɗan shekara arba'in, mai yawan magana da neman a so shi.

"Ina kake da ƙarfe bakwai?"

"Ina barci."

"Da wa?"

"Da giyar jiya. Matata tana birni, aiki ya riƙe ta."

"Yaushe rabonka da jirgi?"

"Jiya da yamma. Na ɗan zaga, na dawo."

Ta nuna masa hoton goshin jirgin. Fuskarsa ta sauya. Ta nuna masa na igiyar.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Ya daɗe yana kallon hoton.

"Ni mana. Wa zai ɗaure min jirgina?"

"To sa wando. Za ka bi mu."

Da rana tsaka suka ratsa gadar da shi. Garin ya riga ya yanke hukunci. Wata mata ta tofar da yawu a gabansa, abin da ban taɓa gani ba a Lyngvik. Kyaftin na tsaye a ƙofar ɗakin ƙungiya, yana kallon teku.

Da yamma lauyan 'yan sanda ya kira Sufeto. Fenti ya samu, inji da ɗumi, ba shaidar inda yake, ga giya. Litinin da ƙarfe sha biyu zai shigar da ƙara. In laifin ya tabbata, kurkuku ne, kuma ba zai sake taɓa haƙorin kowa ba.

"Ba ni zuwa Litinin ɗin," ta ce.

"Me ya rage miki?"

"Igiya."

Lahadi da safe ta sa aka fito da Moen zuwa ɗakin tambayoyi. Ta jefa masa igiya a kan tebur, ta nuna masa ƙafar kujera.

"Ɗaura."

"Yanzu?"

"Yadda ka ɗaura ranar Juma'a."

Ya durƙusa. Ya zagaya, ya cusa, ya ƙulla, ya sake ƙullawa a kan ƙullin. Da ya gama, abin ya yi kama da sheƙar tsuntsu. Arnfinn ya ja gefe ɗaya, duk ya warware.

"Ko ni da na taso cikin shanu na fi ka," in ji Arnfinn.

Moen ya zauna a ƙasa.

"Me ya sa ka yi min ƙarya?" ta ce.

"Kin san abin da suke kiran ɗaurina? Kyautar Kirsimeti, wai irin ƙullin kwalin kyauta. Shekara biyu ke nan. In na shigo tasha sai su jeru da kofunansu suna kallo, kamar an kawo wasa. Sai ga shi sau ɗaya an nuna min jirgina a ɗaure kamar na mutane."

"Sai ka ce kai ne."

"Bakina ne ya riga ni."

"Bakinka ya kusa kai ka kurkuku. Ka san ma'anar abin da ka faɗa? Wanda ya ɗaure jirgin nan shi ya fita da shi na ƙarshe. Ba sa gyara maka ɗauri in ka tafi?"

"Ko sau ɗaya. A can ba a taɓa igiyar wani. Dariya kawai ake yi."

Gaskiya ya faɗa. Ko jirginka zai tsinke, sai dai a kira ka a waya.

"Zan tafi gida ke nan?"

"A'a. Rashin iya ɗauri ba shaida ba ce. Lauya zai ce kana sane ka ɓata. Zauna."

A hanyar komawa Lyngvik ta ba Arnfinn hoton, don ya daina kallon igiyar ruwa.

"Ta ina naɗin ya bi?"

"Ta zagaye."

"Duba da kyau. Duk wanda ya taso a bakin teku, da rana yake naɗe igiya. Daga hagu zuwa dama, yadda rana ke tafiya. Ina shekara shida na naɗe ta baibai, ubana ya sa na warware na sake sau hamsin kafin a ba ni abinci. Wannan ta juya wa rana baya."

"To wanda bai iya ba ne."

"Wanda bai iya ba ba ya yin naɗi mai kyau haka. Gwani ne. Hannun ne dabam."

Ta sa aka tsaya a bakin mashiga, inda ruwa ya jingine kwalekwalen Gunvor a kan dutse. Ta sa dogayen takalma ta shiga ruwa har gwiwa. Ta jima tana shafa katakon.

"Sau biyu aka buge shi," ta ce.

"Ya koma ya ƙara mata?"

"Duba. Nan tsakiya, sara ne siriri mai zurfi, ya raba katako uku. Akwai tsatsa a bakinsa. Ƙarfe ne ya yi wannan. Nan baya kuma goga ce mai faɗi, ko tsagewa bai yi ba, ga farin roba a manne. Jirgin Moen ba ƙarfe a goshinsa."

"Wane irin jirgi ne ke da shi?"

"Tsohon jirgin katako. Ana bin goshinsa da siririn ƙarfe saboda duwatsu."

"A gada ban ga na katako ba."

"Ni ma."

A ɗakin ƙungiya suka sami sakatariya, Oddny Tveit, tana toya wainar da ake ci in an taso daga coci. Ta zuba musu kofi, ta yanka cuku mai ruwan ƙasa a kan wainar. Arnfinn ya ci huɗu.

"Ina son fayil ɗin jirage," in ji Sufeto.

Oddny ta kawo. Kowane jirgi da shafinsa, kowane shafi da takardar inshora a maƙale. Arba'in da ɗaya cif.

"Kuna da tsari."

"Dokar Kyaftin ce. Shekara goma sha biyu da suka wuce wani jirgi ya kama wuta a gada, ya cinye uku na kusa da shi. Mai shi ba shi da inshora, aka yi ta shari'a har 'yan'uwa suka daina gaisawa. Tun daga nan, ba takarda, ba turke."

"Moen fa?"

"Tasa ta fi ta kowa. Babu abin da bai saya ba. Ko kifi ya cije shi za a biya."

"Wa ya san haka?"

"Ni da Kyaftin. Shi ke sa hannu."

"Ban ga shafinsa ba."

Oddny ta juya wainar da ba ta isa juyawa ba.

"Dokar ta masu ɗauri a gada ce. Masu rumfar kansu su tara ne, tsofaffin gari. Ba mai tambayarsu."

"Jiragen katako?"

"Yawanci."

"Yana da inshora?"

"Ki tambaye shi."

"Ke nake tambaya, Oddny."

"Kowa ya san abin da yake faɗa. Wai inshora ta waɗanda ba su iya tuƙi ba ce."

Da suka fito, Sufeto ta tsaya a gindin sandar tuta. Sauran igiyar tutar na kwance a kan dutse, zagaye cikin zagaye. Ta bi naɗin da yatsa. Daga dama zuwa hagu.

"Wa ke ɗaga tuta?"

Oddny na bakin ƙofa, tana goge hannu da ƙyalle.

"Gunvor ƙawata ce tun muna yara," ta ce. "Kyaftin kuma shi ya ɗauki gawar mijina. Me kike so in ce?"

"Kin faɗa."

Litinin da ƙarfe tara jirgin 'yan sanda ya zo kai tsaye rumfar Haugland. Hazo ya ɗage, ruwa kwance. Kyaftin na zaune a kan akwatin kifi a bakin ƙofa, ƙofar a rufe.

Sufeto ta yi tsalle ta sauka da igiya. Ta zagaya turke sau uku, ta yi ƙulli biyu irin na takalmi, ta watsar da saura a ƙasa.

"Ina kwana, Haugland. Gunvor ta farka jiya. Ƙugunta ya karye wuri biyu, bayanta ma ya taɓu. Likita ya ce ba lallai ta sake taka ƙasa ba."

Idonsa na kan turke.

"Ka ji ni?"

"'Yar masunci aka ce min ke."

"Haka ne."

"Ubanki na raye?"

"Yana nan."

"To kada ya ga wannan."

Ya tashi. Ya warware ƙullin da yatsu uku, ya ɗaura ɗauri ɗaya. Hannun hagu ya ɗauki saura ya fara kwantar da ita a kan katako. A zagaye na huɗu ya tsaya.

Arnfinn ya riga ya ɗaga waya yana ɗauka.

Ta ajiye hoton ranar Asabar kusa da naɗin. Ba bambanci.

"Buɗe ƙofar," ta ce.

"Kina da takardar izinin bincike?"

"Ga ta. Amma tun daga nan nake jin warin fenti. A garin nan wa ke fentin jirgi a watan Yuni? A Afrilu kuke yi, ranar aikin gayya, kowa da kowa. Oddny ta nuna min hotuna, kana ciki da burushi."

Ya buɗe.

Jirgin na kan katakai, fari, tsohon aiki mai kyau. An rubuta Borghild a gefensa, sunan matarsa da ta rasu. Goshin ɗanye shar da sabon fenti. Sufeto ta sa wuƙa a tsakanin ƙarfen goshi da katako, ta kankaro. Abin da ya fito a bakin wuƙar kore ne.

Kyaftin ya koma kan akwatinsa.

"Faɗa min," ta ce.

"Na san mashigar nan da ido a rufe. Sau dubu nawa na bi ta. Ban rage gudu ba."

"Cikin hazo."

"Hazo bai taɓa hana ni komai ba. Ta matsar da tarkonta tsakiyar hanya. Ban gan ta ba sai da na ji ta a ƙarƙashina." Ya shafa fuska. "Idon dama ya yi yana tun bara. Ban gaya wa kowa ba."

"Ka tsamo ta."

"Da za a bar ta ne?"

"Sannan?"

"Da jirgin sama ya tafi da ita, na zauna a nan. Na ga yadda ƙafarta ta juya. Na san abin ba na wata ɗaya ba ne. Za a gyara mata gida, a sa mata abin hawa bene, a samo mai kula da ita har ƙarshen ranta. Kotu za ta ce wanda ya buge ta ya ɗauka. Ni me nake da shi? Gidan da ubana ya gina da hannunsa, da wannan rumfa. Ko an sayar da su duka ba za su ishe ta ba. Ita ta rasa, ni na rasa."

"Sai ka tuna fayil."

"Na Moen kamfani ne zai biya. Har abin da ba ta roƙa ba. Hazo bai ɗage ba, mutane duk suna filin ƙwallo inda jirgin sama ya sauka. Minti goma sha biyar. Na fita da nasa, na goga shi a jikin kwalekwalen, na mayar."

"Ka kuma ɗaure shi."

"Na ɗaure shi."

"Da ka bar masa kyautar Kirsimetinsa, da yanzu lauya na buga takarda."

"Na yi niyya. Ina hawa gada na ga na riga na gama." Ya dubi hannunsa na hagu. "Shekara hamsin da biyar. Ba ya tambayata."

"Kamfani kuɗi yake biya, Haugland. Ba ya zaman kurkuku a madadin kowa."

"Ban san za a kulle shi ba. Na ɗauka tara ce."

"Ranar Asabar da rana ka sani. Kana tsaye muka wuce da shi. Kana gani aka tofa masa yawu. Kwana biyu ke nan."

Ya juya fuska ga teku.

"Shekara goma sha biyu kana karɓar takardun mutane. Kai ka rubuta dokar. Me ya hana ka yin taka?"

"Ni Eilif Haugland ne," ya ce. Sai ya ji yadda maganar ta fita, ya sunkuyar da kai.

Ta kira lauya a gabansa. Sha ɗaya saura kwata. Ta ce a saki Moen, a ba shi haƙuri da sunanta.

Arnfinn ya ciro ankwa. Ta girgiza kai, ya mayar.

Kyaftin ya kulle rumfa da kansa, ya miƙa mata makullin. Ya roƙi abu ɗaya, a gaya wa Gunvor kafin ta ji a bakin gari.

"Na gaya mata zargina jiya," in ji Sufeto.

"Me ta ce?"

"Ta ce ta san ƙarar injinka. Tana jira ne ta ga ko za ka zo da ƙafarka."

Muna tsaye a kan dutse, mu takwas masu rumfa, lokacin da suka shiga jirgi. Arnfinn ya kwance igiya ya jefa ta ciki, ta zube a gaban ƙafar Kyaftin a cukurkuɗe. Ya sunkuya. Hannun ya kusa kaiwa. Sai ya miƙe ya cusa shi cikin aljihu, ya bar shi can har suka fita mashiga.

Moen ya dawo Asabar ta gaba da matarsa. Ya ɗaure jirginsa yadda ya saba, ƙulli a kan ƙulli. Ba wanda ya fito da kofi.

Kafin nan, ranar Talata, na shiga jirgin fito na farko zuwa gari. Sauran bakwai ɗin na ciki, kowa da sabuwar riga, kowa a kujerarsa dabam. Ban tambaye su inda za su ba, ba su tambaye ni ba. A ƙofar ofishin inshora muka sake haɗuwa, kowa da takardun jirginsa a hannu. Muka yi layi bisa shekaru.